Yadda Tsohuwar Motar Baba Ta Kai Mu Damagaram

Tun da na koma ofis ban huta ba. Wannan ta leƙo ta ce, "Rabi, wai da gaske ke kika gyara mota a Nijar?" Waccan ta tare ni a wajen alwala ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Na faɗa har na fara cakuɗa shi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Mahaifina, Alhaji Iro, asalinsa mutumin Damagaram ne. Yana saurayi ya zo Kaduna ya shiga garejin gwamnati, har ya yi ritaya yana shugaban makanikai. Mu biyar ya haifa, duk mata, ni ce ta uku, kuma ni ce mai naci. Asabar da Lahadi in ya ɗaga bonet a ƙofar gidanmu na Unguwar Kanawa, ni ke miƙa masa sufana. Ban taɓa ɗauka wani abu nake koyo ba, zaman kusa da shi kawai nake so. Yanzu girma ya kama shi. Kunne ya yi nauyi sosai, sai an matso an ɗaga murya, hannunsa kuma yana rawa.

Ranar wata Talata aka bugo daga Damagaram cewa jikin yayarsa, Gwaggo Hajo, ya yi tsanani. Ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira. Rabon da su ga juna an fi shekara goma. Baba ya ce tafiya ba fashi. Motar haya ba za ta yi masa ba, saboda ciwon baya da kuma yawan tsayawa kama ruwa. Mijina Malam Nura babur gare shi, amma ya iya tuƙi. Abin da ya rage shi ne tsohuwar motar Baba, mai kabireto, wadda ta girmi aurena da shekaru.

Matsalar ita ce motar ta ɗan kwana biyu tana wani hali. In tana silo, wato inji na aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, sai ta dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa, daga nan ta mutu. In an tashi daga tsaye kuma sai ta yi ta inda-inda kafin ta miƙe. Ranar Laraba Malam ya kai ta wurin wani makanike a Mando, aka sa sababbin fulogi, aka ce an gama. Da ya dawo Baba ya fito ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar, tunda kunne ya ƙi, da hannu yake saurare yanzu. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Ba ta gamsar da ni ba. Amma ba mu da lokaci."

Alhamis da sassafe muka fita ta Kawo, Malam na tuƙi, Baba a gefensa da matashi a baya, ni a kujerar baya tare da buhun shinkafa da turamen atamfa na tsaraba. A buɗaɗɗen titi sai ka rantse ba abin da ke damunta. Shingen jami'an tsaro na farko da muka rage gudu, ta yi tari biyu ta mutu. Haka a na biyu. Kafin Zariya Malam ya koyi dabarar taka birki da totur da ƙafa ɗaya, yana yi yana gumi.

Kano ce ta ba mu kunya. Mun faɗa cunkoso da hantsi, ta mutu mana sau huɗu a tsakanin mahaɗa biyu, 'yan adaidaita sahu suna ta mana hon, wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, a kai ta gidan tarihi mana." Baba bai ji ba, ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Muka lallaɓa zuwa wani gareji. Mai garejin mutum ne mai fara'a da yawan magana, tun kafin ya ɗaga bonet ya ce kabireto ne, shi ya san irin motar nan kamar ɗakinsa. Ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura jet da bakinsa, ya mayar. Da ya ga har yanzu tana karkarwa sai ya sa sukundireba ya murɗa ƙusar silo, inji ya ɗauki ƙara.

"Kun ji ta ko? Yanzu ko Agadas kuke so za ta kai ku."

Da muka hau hanya Baba ya waiwayo ya ce, "Rabi, me ya yi mata a ƙarshe?" Na matsa bakin kunnensa na gaya masa. Ya girgiza kai. "Murya ya ɗaga mata, bai ba ta magani ba." Gaskiyarsa. Ta rage mutuwa, amma tana shan mai kamar ana zubarwa, kuma a hawan da ke wajen Kazaure sai da Malam ya dawo giya biyu.

Mun isa Daura kafin magariba, muka sauka gidan Malam Sani, abokin karatun mijina. Matarsa Binta ta karɓe ni kamar mun shekara da sanin juna. Ta ba Baba ɗakin da ke kusa da banɗaki ba tare da kowa ya roƙa ba, ta dama masa fura mai sanyi, mu kuma tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. A wajen cin abinci kowa ya zama makanike. Malam Sani ya ce man 'yan bumburutu muka sha, wani maƙwabcinsa ya ce kwayil ce, wani ya ce injin ne ya gaji gaba ɗaya. Ana cikin haka aka bugo daga Damagaram, aka ce Gwaggo ruwa kaɗai take iya haɗiya. Da na gaya wa Baba sai ya ajiye ludayi, bai ƙara sha ba.

Da gari ya waye na ce wa Malam Nura ya kwance mini fulogi biyu in gani. Ya dube ni, amma ya kwance. Bakinsu fari fat, kamar an shafa alli. Na kai wa Baba yana zaune a kan tabarma. Ya kusanto da su idonsa.

"Me kika gani?"

"Fari ne, Baba."

"In baƙi ne fa?"

"Mai ya yi yawa."

"To fari?"

"Ko mai ya yi kaɗan, ko iska ta yi yawa."

Ni kaina na yi mamakin yadda amsar ta fito, don rabon da a yi mini wannan tambayar tun ina sakandare. Ya ce inji abu uku yake ci, mai da iska da wuta, duk mai neman cuta a cikinsu zai nema, ɗaya bayan ɗaya, ba canje-canje ba. Muka fara da mai. Aka nemo sabuwar filta a bakin tasha aka sa. Ba abin da ya sake. Rana na ɗagawa, ga shi Juma'a ce, Baba ya ce mu tafi haka.

A Kongolam aka duba takardunmu da na mota, aka buga mana hatimi, ba wata wahala. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar sai na ga abin da ban taɓa gani ba: bakin Baba ya juye. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana Hausar Kaduna ya koma "lahiya lau" da "ina ini", jandarmomi suna ta dariya suna ce masa ɗan gida ya dawo. Aka ba mu takardar shigar mota, aka sauke igiyar da ta tare hanya, Malam ya saki kuloci, sai ta mutu a kan igiyar daidai. Ya murɗa makulli, batir ya yi ƙugi ya ƙi, don tun jiya ake tatsarsa. Wani jandarma dogo ya zo ta tagata ya ce, "Madam, ko buji ne?"

Na dubi jikina. Zani ne a jikina, ba buje ba, na rasa me ya haɗa kayana da mutuwar mota. Sai da Baba ya sa na maimaita masa, ya yi dariyar da bai yi ba tun Talata, ya ce fulogi suke kira haka. Jandarman da abokansa biyu suka tura mu da kakinsu har ta tashi, suna ɗaga mana hannu.

Hanyar can siririya ce amma shiru. Ba hon, ba tsere. Amalanken shanu da na jakuna sun fi motoci yawa, a gefen titi kuma akwai duwatsu masu jan kai da aka rubuta nisan gari a jiki. Fetur isansi suke ce masa, burodinsu dogo ne kamar sanda, yana da ɓawo mai tauri. Na saya ɗaya na ɗauka ya bushe ne, na so in mayar, Baba ya ce haka yake tun yana yaro.

Saura kaɗan mu shiga Matamaye wani raƙumi ya fito daga bayan geza ya hau titi. Malam ya taka birki, na ga ya miƙe daga kujera yana dannawa da dukkan ƙarfinsa, motar tana ci gaba da tafiya. Mun tsaya ƙafar raƙumin na gaban fitila. Shi ko kallonmu bai yi ba, ya wuce. Buhun shinkafa ya faɗo mini a ƙafa, Baba ya bugi gaban mota da gwiwa. Muka yi ta salati.

Malam ya share fuska ya ce mini a hankali, "Birkin nan tun Kano yake tauri kamar dutse. Ban faɗa ba ne don kar hankalin Baba ya tashi."

Na ji haushinsa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mu duk muna ɗaukar karkarwa cuta ɗaya, ga birki kuma ya zo da tasa. Sai na tuna wani baƙin tulu da ke bayan inji, wanda Baba ke kira sabo. Ya taɓa gaya mini cewa da zuƙar inji yake aiki, shi ke sa birki ya yi laushi. In birki ya yi tauri, inji kuma yana shan iska fiye da ƙima, ai wataƙila wuri ɗaya ne. Sai dai ban tabbata ba.

Mun shiga Matamaye ana kiran sallar Juma'a. Garejin da aka nuna mana ba kowa, rumfa ce kawai a ƙarƙashin bedi, wato bishiyar dogon yaro, da tarin tayoyi. Baba ya ce ba zai shigo ƙasarsu ranar Juma'a ya rasa jam'i ba, Malam ya riƙe masa hannu suka bi sahun mutane. Aka bar ni da mota da wata mata mai suyar fari masa, wato irin fankensu, a gefe, sunanta Zule. Ta ba ni kujera ta ce, "Zamna madam, mai garaji sai an sauko, kuma sai ya ci ya huta."

Na zauna, na kasa zaman. Ina tuna Gwaggo da ruwan da take haɗiya da ƙyar. Makulli na jikin mota, a gangare kuma Malam ya ajiye ta saboda batir. Na yi bisimilla na murɗa, Allah ya taimake ni ta tashi. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na ɗaga bonet, na ɗauko jakar kayan aikin Baba.

Zule ta bar kaskonta ta matso. "Ke kina iyawa?"

"Zan dai duba."

Mai mun riga mun duba shi a Daura, saboda haka na koma kan wuta. Na naɗe filaya da tsumma na dinga zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Na zare ta farko, inji ya ƙara rikicewa, alamar wannan silinda na aiki ke nan. Ta biyu haka. A ta uku wuta ta fizge ni har gwiwar hannu, na yar da filaya na yi tsalle, Zule ta riƙe ciki tana dariya tana ba ni haƙuri. Da na zare ta huɗu kusan ba abin da ya sake, ga shi kuwa ina ganin tartsatsi shuɗi yana tsalle daga bakin wayar. Wuta na zuwa, silindar ce ba ta samun abin da za ta ƙona. Saura iska.

A jikin rumfar akwai wani guntun tiyo a rataye. Na sa baki ɗaya a kunnena, ɗaya bakin ina yawo da shi a jikin inji, yadda na sha ganin Baba yana yi. Ta wajen kabireto ƙarar inji kawai. Da na gangara ta baya, kusa da silinda ta huɗu, sai na ji wani siririn sauti, sssss, kamar ana zuƙar shayi mai zafi. A wurin ne wani tiyo mai kauri ya fito ya tafi zuwa ga baƙin tulun nan. Ta sama lafiyarsa ƙalau, shi ya sa duk wanda ya leƙa bai ga komai ba. Na zura hannu ta ƙarƙashinsa, ƙarfe na ƙona ni, ina lalube, sai na ji wani abu ya tsotsi yatsana.

A take injin ya daidaita. Karkarwar da muka taho da ita tun daga Kaduna ta ɗauke ɗif. Na ɗaga yatsa, ta dawo. Na mayar, ta ɗauke. Sai da na yi haka sau uku, ba don ina shakka ba, don daɗin da nake ji.

Tsagar tana dab da bakin tiyon, kuma yana da sauran tsawo. Na kashe mota, na kwance maɗaurin, na ce wa Zule ta ara mini wuƙa. Ta miƙo wadda take yanka albasa da ita. Na datse wurin da ya ruɓe, na tura lafiyayyen da ƙyar har ya zauna, na ɗaure tam. Da na tayar sai inji ya ɗauki ihu, saboda ƙusar da mutumin Kano ya murɗa. Na dinga sassauta ta kaɗan-kaɗan har muryar ta sauko ta zauna. Na shiga na taka birki, ya nutse a hankali kamar ana taka katifa.

Ina cikin wanke hannu da tokar murhun Zule masallata suka fara dawowa. Ga Baba da Malam tare da wani kakkauran mutum mai farar riga, shi ne mai garejin, Lawali, a masallaci suka haɗu. Malam ya ja ya tsaya.

"Wa ya tayar da motar? Wa ya taɓa ta?"

Zule ta riga ni. "Madam ce. Da wuƙata ma ta yi."

Lawali ya leƙa, na nuna masa guntun da na yanke. Ya juya shi, ya matsa, tsagar ta buɗe baki. Ya shiga ya taka birki, ya ba ta wuta ya saki, ta koma silo ba gardama. Ya fito ya ce aikin ya yi, sai dai in mun isa Damagaram mu sa sabon tiyo, don wanda ya tsage a wuri ɗaya zai tsage a wani. Baba ya matso. Ya ɗora tafinsa a jikin motar, ya rufe ido. Sannan ya karɓi guntun tiyon daga hannun Lawali ya sa a aljihu, ya ce, "Mu tafi." Zule ta cika mana leda da fari masa, ta rantse ba za ta karɓi komai ba.

Daga nan motar ta zama wata daban. Malam ya ce ji yake kamar an sauke mata kaya. Bayan la'asar muka hango manyan duwatsun Damagaram, Baba ya dinga nuna hanya da hannu, ya ɓatar da mu sau biyu a lungunan Birni, tsohuwar unguwar garin, don gidajen da ya sani an sake musu fuska.

Mun sami Gwaggo kwance a kan katifa a tsakar ɗaki, ta rame har ban gane ta da hoton da ke gidanmu ba. 'Yarta ta sunkuya ta ce, "Inna, ga Kawu Iro." Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Me ta ce?" Aka maimaita masa da ƙarfi, duk ɗakin aka yi dariya ana share hawaye. Ya zauna a gefenta ya karɓi kofin kunu, ya ba ta da hannunsa mai rawa, rabi na zuba a zani. Ta sha cokali shida. 'Yarta ta ce rabonta da haka kwana takwas.

Da na durƙusa gaishe ta sai ta kama hannuna ta kai hanci. Duk wankin da na yi, ƙarƙashin farcena baƙi ne, ga ƙuna a bayan yatsu.

"Iro, wannan wane irin hannu ne ga 'ya mace? Warin isansi take. Kai ka ɓata ta."

Na matsa na gaya masa abin da ta ce. Baba ba mutum ne mai yabo ba, mu 'ya'yansa mun sani, in ka yi daidai shiru ne ladanka. Ya dubi yayarsa ya ce da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne ke magana, har na tsakar gida suna ji:

"Makanikai biyu sun duba sun rasa, ni ma na rasa. Wannan hannun ne ya kawo ni wurinki."

Gwaggo ba ta saki hannun ba sai da barci ya ɗauke ta.

Kwana biyar muka yi. Na sha shayinsu na ƙananan kofuna, wanda sai an yi zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Na ga gari guda ya rufe shaguna da azahar ya kwanta, abin da ɗan Kaduna ba zai yarda da shi ba. Na ci kilishin da ya sa na daina yi wa namu kallon kilishi. Labarin mota kuwa ya riga ni zagaya unguwa, har wani tsoho ya turo a tambaya ko madam ta Kaduna za ta duba masa injin niƙa. Na ce a ba shi haƙuri, abin da na sani bai kai nan ba. Malam ya sa sabon tiyo ya kuma sa aka yi cajin batir, muka dawo gida a kwana biyu, ba ta mutu mana ko sau ɗaya ba, har cikin cunkoson Kano.

Gwaggo Hajo ta rasu kwana goma sha tara bayan dawowarmu, Allah ya jiƙanta. Ni na kai wa Baba labarin, don ba ya jin waya. Ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Na same ta, ta gane ni, na ba ta kunu."

To, ku masu tambaya, abin da ya faru ke nan. Ni ba makanike ba ce, gobe ma a teburina na rajista za ku same ni. Amma e, da gaske ne, ni na gyara ta.